Ramuka Talatin a Bencin Malam Ɗalha

Akwai wani dattijo a unguwar Jega Firchin da ake kira Malam Ɗalha. Tsohon direba ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu, har bayansa ya gaza, ya ajiye tuƙi ya dawo gida.

Ba mugun mutum ba ne, kada ku yi masa wannan zato. Abu guda ne dai ya gagare shi a duniya: bakinsa bai iya furta "na yi kuskure" ba. Marigayiya matarsa Gudiya ta sha faɗa cewa idan Ɗalha ya taka ka, zai iya saya maka goro har da turare, amma haƙuri kam ba za ka ji shi ba.

A ƙofar gidansa akwai wani faffaɗan benci na katakon maɗaci. A tsakiyarsa akwai ramuka talatin, layi biyar, kowane layi rami shida. Gidan dara ke nan. Amininsa Tamu ne ya haƙa su da bakin wuƙa shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, domin ya gaji da yadda kaji ke tone musu ramukan da suke yi a ƙasa.

Tamu manomin shinkafa ne, asalinsa mutumin Jandutsi. Kullum bayan la'asar zai taso daga fadama ya zo ya zauna a gefe guda, Ɗalha a ɗaya gefen. Tamu yana wasa da tsakuwa goma sha biyu da ya tsinto a bakin gulbi, Ɗalha kuma da guntayen kara. Dattawan unguwa su kewaye su, wannan ya ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, wancan ya yi dariya. Tamu ne ya fi ci, Ɗalha kuwa kullum da dalilinsa: ko rana ta haske masa ido, ko wani ya yi tari.

Ranar da Gudiya ta rasu, a kan bencin nan aka karɓi gaisuwa. Tamu bai je fadama ba har kwana bakwai.

To, sai Allah ya buɗa wa Sahabi, ɗan Malam Ɗalha, a kasuwar albasa ta Aliero. Yaron kirki ne, ya ce ba zai bar mahaifinsa a gidan ƙasa ba. Aka rushe, aka yi na siminti, aka ja katanga, aka sa ƙofar ƙarfe. Aka jera kujerun kushin guda shida a falo. Benci kuwa magina suka ja shi bayan gida, suka ɗora masa ragowar kwanon rufi da buhunan siminti.

Ranar walimar shiga gida, manyan 'yan kasuwa suka zo daga Aliero. Tamu ya taso kai tsaye daga fadama don kada a ce bai zo ba. Ya wanke ƙafa a waje, amma bakin wandonsa da laka. Ya shiga da fara'arsa, ya zauna a kujerar da ke kusa da amininsa.

Malam Ɗalha ya dubi wandon, ya dubi baƙi, sai ya ce, "Tamu, tashi ka koma ƙasa. Wagga kujera ba ta 'yan hwadama ba ta."

Wasu suka yi dariya. Ɗalha ma ya yi, don a ɗauka wasa ne. Tamu ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe inda ya zauna da tafin hannunsa, ya yi wa gida addu'a, ya fita. Ko abinci bai taɓa ba.

Daga ranar bai sake zuwa ba. Idan sun haɗu a masallaci su gaisa, gaisuwar da ake yi wa maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Sauran dattawa ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Babu benci a waje, kuma ba kowa ke son ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe don kawai ya yi hira ba.

Haka Malam Ɗalha ya kwashe shekara biyu. Kujeru shida, mutum ɗaya. Ana aiko masa da abinci daga gidan ƙanwarsa, ya ci shi kaɗai, ya rufe kwano. Sahabi yakan leƙo duk mako biyu, waya na ta kiransa, ya yi minti ashirin ya koma Aliero. La'asar ita ce ta fi yi wa tsohon nauyi. Da an sallame salla sai ya rasa inda zai sa kansa. Wani lokaci yakan tsuguna a bayan gida ya tona ramuka a ƙasa, ya yi wasa da hannun dama a madadin kansa, da na hagu a madadin Tamu. Ko a hakan ma, in ji shi da bakinsa daga baya, hagun ce ke ci.

Kaɗaici ya ishe shi, gaskiyar magana ke nan. Ya san abin da ya yi, ya kuma san gidan Tamu, tafiyar minti biyar ce. Amma ku tuna wane ne Ɗalha.

Wata rana yana wannan wasa nasa, idonsa ya faɗa kan ƙafar benci a ƙarƙashin kwano. Ya janye kayan da ke kai. Ruwan damina biyu ya dake shi, launinsa ya koma toka-toka, siminti ya daskare a gefe guda. Amma maɗaci ne, ko gara ba ta taɓa shi ba.

Nan take dabara ta zo masa. Zai gyara bencin nan har ya riƙa ɗaukar ido, ya fitar da shi ƙofar gida, ya aika a kira Tamu. Idan Tamu ya ga irin wahalar da aka sha dominsa, ai magana ta ƙare, ba sai an tono abin da ya wuce ba.

Ya je wurin Yari kafinta da ke bakin hanyar kasuwa. Yari ya ce a kawo masa ya gyara. Malam Ɗalha ya ce a'a, da hannunsa zai yi, a gida. Sai Yari ya biyo shi ya duba katakon, ya yi masa bayani dalla-dalla. A fara da samfefa mai kaushi a cire tsohon datti, a bi da mai laushi, kuma a riƙa bin yadda jijiyar katako ta kwanta, kada a gitta ta. A goge ƙura da tsumma. A shafa ruwan kala, wato rinin da ke fito da launin katako, a bar shi ya sha. Sannan banish mai sa ƙyalli, shafi siriri, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a ƙara wani.

Malam Ɗalha ya nuna ramukan dara, ya tambayi yadda ake cike rami a katako. Yari ya ce ana kwaɓa garin katako da gam, amma ya tsaya ya dube shi.

Ya ce, "Baba, waɗanga ramu ba ɓarna ba na. Da gangan anka yi su."

Malam Ɗalha ya ce, "Gabana anka yi su, kai ko haihuwarka ba a yi ba. Sumul nika so shi hito, shi dace da gida."

Kun ji fa. Mutum zai nemi shiri da amininsa, amma har yanzu gidan yake duba. A ransa yana ganin ramukan sun mai da bencin kayan ƙauye, kuma dara ai ana iya yin ta a ƙasa kamar da.

Yari ya ce ba a musu da babba, ya ba shi kayan aiki ya tafi.

Aiki kam Malam Ɗalha ya yi shi. Kwana huɗu yana gurzar katako a inuwar katanga, har fatar yatsunsa ta yi laushi tana zafi. A hankali jan maɗacin ya fara leƙowa daga ƙarƙashin tokar. Ya kwaɓa garin katako da gam, ya cike ramukan nan talatin ɗaya bayan ɗaya, ya bari suka bushe, ya goge su suka yi daidai da fuskar benci.

Da ya shafa kala sai ya ga wani abu. Katako ya sha rini ya yi ja mai duhu, amma inda aka cike bai sha ba, saboda gam ba ya karɓar rini. Sai ga tabo talatin, zagaye-zagaye, fari-fari, a jere. Ya ƙara kala, suna nan. Ya ce banish zai rufe su. Ya yi shafi uku, benci ya yi ƙyalli har mutum na ganin inuwar fuskarsa, tabon kuwa sai ma suka ƙara fitowa.

Ya ce ba komai. Ya sa aka fitar da benci ƙofar gida ranar wata Alhamis. Da ƙafarsa bai je ba, Yari ya aika ya gaya wa Tamu cewa Ɗalha na nemansa bayan la'asar, tsohon benci ya dawo.

Tamu ya zo. Ya yi wanka, ya sa farar riga, babu ɗigon laka a jikinsa. Hannunsa na dama na cikin aljihu, wani abu na ƙara a ciki ƙasa-ƙasa idan ya taka. Ya rame, tafiyarsa ma ta rage sauri, amma fuskarsa a sake take.

Suka gaisa. Malam Ɗalha ya nuna benci yana murmushi, yana jiran yabo.

Tamu ya matso. Ya sunkuya ya dubi tsakiyar bencin. Ya fitar da hannun hagu ya shafa inda ramukan suke, daga layin farko har na biyar. Sumul. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe.

Ya ce, "Ya yi kyawo, Ɗalha. Allah shi sa albarka."

Bai zauna ba. Hannun daman nan bai fito daga aljihu ba. Ya ce yana da uzuri, ya juya ya tafi.

Ran Malam Ɗalha ya ɓaci ƙwarai. Ya ce wannan wane irin riƙo ne, mutum ya yi mako biyu yana wahala a ƙi ko zama? Ya rantse ba zai sake neman kowa ba. Kullum bayan la'asar sai ya fito ya zauna a ƙarshen benci shi kaɗai. Masu wucewa su gaishe shi, su yaba ƙyallin, su wuce. Ƙyallin ma kansa ya hana mutane zama, kowa na tsoron ya ɓata. Da a falo yake kaɗaicinsa babu mai gani, yanzu kuwa a bakin hanya yake yin sa.

Bayan kusan wata guda, Yari ya tsaya a wurinsa. Ya gaishe shi, ya tsuguna a ƙasa, ya tambaye shi ko ya ji labarin Baba Tamu. Ya ce bai ji ba. Yari ya ce ai kwana tara ke nan da ya faɗi a fadama, ɓarin jikinsa ya shanye. An kai shi asibiti, daga can 'yarsa Fatimatu ta wuce da shi gidanta a Maiyama don ta yi jinyarsa.

Kwana tara, kuma babu wanda ya ga ya dace a gaya wa Ɗalha. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. A da, ko kan Tamu ne ya yi ciwo, ƙofarsa ake fara bugawa.

Sai ya ce shi dai ya yi iya ƙoƙarinsa, Tamu ne ya ƙi.

Yari ya ce, "Baba, in ka yarda in hwaɗi gaskiya. Mutum ya zaka da niyyar wasa, ya ishe an toshe ramun da yag gina da hannunai. In kai na, mi za ka ɗauka? Da can an tashe shi daga kujera, yanzu kuma an tashe shi daga benci."

Malam Ɗalha ya sunkuya kan benci. Ya dubi tabon nan talatin. Sai a lokacin ya tuna hannun da bai fito daga aljihu ba, da 'yar ƙarar da yake ji.

Ko magariba ba a kira ba ya sa aka mayar da benci cikin gida. Washegari da hantsi ya ɗauko tsohuwar wuƙarsa ya fara tono.

Cikewa ta ɗauke shi yini ɗaya. Tonowa ta ɗauke shi kwana shida. Gam ya riga ya kama, ya yi tauri kamar ƙashi. Idan ya matsa da ƙarfi wuƙa ta zame ta ci katako, idan ya sassauta ba ta shiga. Sau biyu ya yanke a yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Yana tono yana tuna abubuwa. Ramin kusurwa da Tamu ke son fara sa tsakuwarsa. Ramin tsakiya da suka taɓa yin musu a kansa har Gudiya ta leƙo ta ce in ba su bari ba za ta sa bencin a murhu. A rami na goma sha bakwai ya ajiye wuƙa ya yi kuka, shi kaɗai a tsakar gida, babu mai ba shi haƙuri.

Sahabi ya zo ya tarar da shi cikin ƙura. Ya ce don Allah Baba ya bari, zai sa a yi masa sabon benci da sabon gidan dara. Tsohon ya ce ba sabo yake nema ba. Abin da yake so shi ne aron motar albasa da direba, idan ya gama.

Da ramuka suka buɗe, sai ya bi bencin gaba ɗaya da samfefa ya kankare banish ɗin da ya sha wahalar shafawa. Ya naɗe samfefa a yatsa ya goge cikin kowane rami. Ya shafa kala. Wannan karon ko'ina ya sha, launi ya zama ɗaya.

Saura banish. Ya lissafa: shafi uku, kowane da jiran bushewarsa, wani makon ke nan. Ya buɗe gwangwani, ya tsoma buroshi. Yari, wanda ya leƙo ganin aiki, ya ce ya ji daga masu zuwa Maiyama cewa jikin ba daɗi, jiya ma ko kunu bai sha ba.

Malam Ɗalha ya tsaya da buroshi a hannu. Ya gane abin da yake shirin yi: zai sake ɓuya a bayan ƙyalli. Ya goge buroshin a bakin gwangwani, ya rufe, ya kira Sahabi a waya ya ce a turo mota yanzu.

Haka aka ɗora benci a bayan motar da ke warin albasa, babu ƙyalli, gefen wasu ramukan duk sawun wuƙa. Malam Ɗalha ya ƙi shiga gaba. A baya ya zauna ya riƙe shi har Maiyama.

Fatimatu ta fito ta tarbe shi, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ga benci ana saukewa, ba ta tambaya ba, don a kansa ta yi rarrafe. Ta kai shi rumfar tsakar gida inda aka jingina mahaifinta da matashi.

Ta ce, "Shina jin komi, Baba Ɗalha, sai dai magana ba ta hita."

Tamu ya zama rabin yadda yake. Bakinsa ya karkace, hannun hagu na kwance a cinya ba ya motsi. Idanunsa ne kawai suke nan yadda Ɗalha ya san su.

Aka ajiye benci a gabansa. Malam Ɗalha bai hau ba. Ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da babbar rigarsa. Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Shekara saba'in bai taɓa yin ta ba. Ya sake gwadawa.

Ya ce, "Tamu, ran walima na wulaƙanta ka gaban mutane. Laihina na, ba na kowa ba. Ramun ga ma ni nit toshe su da hannuna. Na yi kuskure. Ka yahe min."

Tamu ya dube shi. Ya miƙa hannun dama a hankali ya ɗora a kan benci. Yatsansa ya faɗa ramin kusurwa. Ya matsa zuwa na gaba, da na gaba. Bai tsallake ko ɗaya ba, sai da ya bi talatin ɗin nan duka. Ɗalha na zaune yana jira.

Sai Tamu ya janye hannu ya kai aljihu. Ya yi ta fama. Fatimatu ta matso za ta taimaka, ya girgiza kai. Da ƙyar ya zaro wata 'yar jakar tsumma da ta yi baƙi don tsufa, ya zazzage ta a kan benci.

Tsakuwa goma sha biyu.

Fatimatu ta ce, "Tun da munka ɗauko shi daga Jega bai yarda an raba shi da ita ba. Ko wanki za a yi, sai an mayar mishi cikin aljihu."

Tamu ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya sa a ramin kusurwa. Sannan ya bubbuga ɗaya gefen bencin da tafin hannu, inda Ɗalha ya saba zama.

Malam Ɗalha ya tashi ya hau, hawaye na bin gemunsa. Fatimatu ta karyo kara daga dangar gida ta miƙa masa, ya kakkarya goma sha biyu. Suka fara. Tamu ya cinye shi, kuma a karon farko a rayuwarsa Ɗalha bai kawo wani dalili ba.

A Maiyama ya bar bencin. Duk Litinin da Alhamis yana shiga mota ya je. Wata biyar suka samu, sannan Allah ya karɓi ran Tamu. Bayan addu'ar bakwai Fatimatu ta sa aka mayar da benci Jega, ta haɗa da 'yar jakar tsumman.

Yana nan a ƙofar gidan yanzu. Dattawa sun dawo suna zama, don ba ya ƙyallin da zai tsorata kowa. Yari ya sha tuna wa Malam Ɗalha cewa gwangwanin banish na nan, katako na bukatar kariya kafin damina. Daga baya ya yarda ya shafa wa ko'ina, shafi siriri. Cikin ramukan ne kawai ya ƙi taɓawa da buroshi. Ya ce yatsan Tamu ne ya bi su na ƙarshe.

Darasi: Idan ka ɓata wa mutum, kyauta da gyare-gyare ba za su tsaya a madadin "ka yafe mini" ba. Je ka da ƙafarka, ka faɗa da bakinka, tun yana iya jin ka. Kuma kada sabon gida ko sabon matsayi ya sa ka toshe gurbin wanda ya zauna da kai lokacin da ba ka da komai. Malam Ɗalha ya samu wata biyar, ba kowa ke samu ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila a cikinsu akwai mai wata ƙofar da ya daɗe yana jin nauyin ƙwanƙwasawa.